Kwancin Chepa

Ercilia ta tafi a watan Yuli, tsakiyar sanyin tsibirinmu,
ta bar mini murhu, da buhun dankali, da kaji tara.
Ni Baldomero, shekara arba'in ina jan koma a tekun Chiloé,
na san kifi tun daga inuwarsa,
amma kaza ban san ta ba sai a tukunya.

Da Satumba ta kama, Chepa ta daina fita kiwo.
Ta lafe a tsohon kwandon ulu, bayan tarin itace,
ta kumbura kamar ƙullun da aka manta a gefen wuta.
Na miƙa hannu, ta sare ni.
Na ɗaga ta da ƙarfi: babu ƙwai ko ɗaya,
dankali ne guda, ɗan mitsitsi, ya ɗau ɗumi.

Na ce ciwo ne, na wasa wuƙa.
Brunilda Chiguay ta leƙo ta kan shinge,
ta ce, "Kai dai gishirin teku ya cinye maka tunani.
Kwanci take yi, mayar da wuƙarka kube."
Da magariba ta dawo da ƙwai sha ɗaya a mayafinta,
shuɗaye, irin launin sama in ruwa ya ɗauke.
"Ka ja wa kowanne layi da gawayi.
Ka zura mata da dare,
kada ka zare dankalin tana gani."

Na shiga ƙirga da tsinin wuƙa a jikin ƙyaure.
Ruwa ya tsuge kwana tara ba sassauci,
rufin ya soma yoyo daidai kanta,
na tuɓe rigar ruwata ta su, na yi mata rumfa.
Sau ɗaya take sauka a yini,
ta sha, ta tsattsaga, ta yi birgima a toka,
ta koma da sauri kamar mai tukunya a wuta.
Ran sha huɗu ƙasa ta ɗan girgiza,
kofin Ercilia ya faɗo ya rabu biyu.
Na ruga bayan itace ba takalmi.
Chepa ta dube ni da ido ɗaya, ko gezau.

Daren ashirin na durƙusa na kasa kunne.
Ƙwas. Shiru. Ƙwas-ƙwas.
Ashe akwai ƙofar da daga ciki ake ƙwanƙwasa ta.

Takwas suka fito, jiƙe-jiƙe, kafin hantsi sun bushe.
Biyu dungu ne, na binne su a gindin tuffa.
Na ƙarshen ya huda ɓawo, ƙarfinsa ya ƙare,
uwar ta tashi da masu tafiya, ta bar shi yana sanyi.
Na zura shi a safar ulun Ercilia,
na cusa cikin rigata, na zauna gaban murhu.
Ban san lokacin da barci ya sace ni ba.
Da asuba wani abu ya yakushe ni a ƙirji,
daidai wurin da ya yi wata uku ba motsi.

Da duhu ya yi na kai mata shi.
Ta sare shi sau ɗaya,
ta yi shiru,
sannan ta ɗaga fiffike.

Yanzu ina niƙa musu alkama a kan dutse,
ina sa tsakuwa a faifan ruwa don kada su nutse.
Shirwa ta ɗauke ɗaya a Nuwamba, mai ƙiba, ba nawa ba.
Na yi ta zagin sama har Brunilda ta fito.
Da can ban taɓa ɗaga kai don shirwa ba;
mai 'ya'ya ne ke ganin inuwarta.

Dankalin nan kuwa ban jefar ba.
Na dasa shi a bakin shinge.
Jiya na ga ya tsiro,
Chepa da 'ya'yanta suna neman tone shi.